Mangwaro ɗaya, lamba huɗu a wajen kwastan

Jama'a masu son fara shigo da kayan kanti daga waje, musamman ku 'yan uwana na Wuse da Garki da kuke ta turo min tambaya, dan Allah kafin ku turawa mutumin Dubai ko na Chaina ko kwabo ku fara sanin lambar kayanku. Kwastan ba ruwansu da sunan da aka rubuta a jikin kwali, in kayan 'ya'yan itace ne, abin da suke dubawa shi ne me aka yiwa ɗan itacen kafin ya iso, busar da shi aka yi, ko dafawa, ko matsewa, ko an zuba masa suga.

Wannan lambar ita ake cewa HS, Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels ce ta tsara ta, tun 1988 ake aiki da ita, lambobi shida na farko iri ɗaya ne ko'ina, mu nan Najeriya sai a cike su zama goma. Kuɗin diyuti kuma yana bin tsarin ECOWAS ne wanda aka fara a 2015, hawa biyar ne, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. To ka ga lamba ɗaya in ta goce, ribar kwantena guda za ta iya bin ruwa.

Ɗauki mangwaro. Busasshe yana babi na 8 (lambobi biyu na farko su ne babin), lamba 0804, wuri ɗaya da dabinon da muke rububi da azumi. Amma da an yanka shi an zuba a gwangwani cikin ruwan suga shikenan ya tashi daga nan ya koma babi na 20, 2008. In matse shi aka yi ya zama jus 2009 ne, kuma in aka tsinka jus ɗin da ruwa sosai har ya zama lemon sha kawai, to ya ma bar babin gaba ɗaya ya faɗa 2202. Shi kansa dabinon in aka lulluɓe shi da cakulan, irin wanda ake tsaraba da shi, babi na 18 ne gidansa. Sitiroberi kuwa (wai har shi ake shigo da shi alhali ga na Jos nan ana sayarwa a bakin titi, abin haushi wlh) in daskararre ne 0811 yake ko da an sa masa suga, sai an dafa shi ya zama jam sannan ya koma 2007.

Inda mutane suka fi ƙonewa wajen jus ne. Jus ɗin da aka riga aka zuba a ƙananan kwalaye ko kwalabe na sayarwa ɗai-ɗai yana cikin jerin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, wanda ke shigowa shi ne mai kaurin nan na cikin duro da kamfanoni ke tsinkawa su zuba a nan gida, shi ma akwai ma'aunin suga da ake kira Brix, na lemun zaki misali wanda bai wuce 20 ba lambarsa daban. Sai ka ji ejan na cewa Alhaji kar ka damu za mu sa masa wata lamba ya wuce, gaskiya ni ban yarda da wannan ba, domin ranar da aka buɗe kwantena a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can sunanka ne a jikin Fom M, wato takardar da ake cikewa ta banki kafin shigo da kaya, ba nasa ba, ko a buga maka DN, wato takardar neman cikon diyuti, ka cika kuɗi ga damarej, kuɗin jinkirin fitar da kwantena, na ta hawa kullum, ko a kwace kayan baki ɗaya.

Ka sa mai sayar maka ya turo takardar abubuwan da ke cikin kayan, jus kashi nawa, suga nawa, ruwa nawa, ka gama da rajistar NAFDAC, sannan ka lissafa da harajin VAT na 7.5 cikin ɗari. In har yanzu kana kokwanto, tun 2024 kwastan sun buɗe hanyar da za ka nemi su yanke maka lamba a rubuce kafin a yi lodin kayan.