Godiya bayan kare kundin digirina

Alhamdulillahi, jiya na kare kundin digirina na uku, malaman jarrabawa sun amince da shi, sai 'yan gyare-gyare. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zo nan.

Masu tambayata wai me nake yi shekara huɗu a ɗakin gwaji, ga shi a taƙaice. Ƙwayar cutar HIV ba ta shiga ƙwayar garkuwar jiki sai ta fara maƙale mata. Akwai wani furotin a jikinta, gp120, shi ke cafke CD4, wani furotin da ke bayan ƙwayar garkuwar jikin, sannan ya nemi mariƙi na biyu, CCR5 ko CXCR4, kafin gp41, wani furotin ɗin cutar, ya haɗe fatarta da ta ƙwayar garkuwar. Nawa aikin shi ne ƙera ƙananan sinadarai da za su toshe ɗan ramin da CD4 ke shiga a jikin gp120. Cutar ba ta yarda da sauƙi: kusan rabin nauyin gp120 sukari ne da ta lulluɓa da shi, ga saurin sauya kama kamar hawainiya.

Malam, mai duba aikina, Allah Ya saka muku da alheri. Ban manta ranar da na rugo ofishinku baki har kunne ba, kwamfuta ta nuna sinadarina ya zauna daram a ramin. Kuka ce in gwada a kan ƙwayoyi masu rai tukuna. Na gwada. Cutar kam ba ta shiga ba, don sinadarin ya riga ta kashe ƙwayoyin! Aikin wata bakwai ya bi ruwa. Da na fara maganar ajiye karatun, ku kuka tuna min cewa tun 1998 aka fitar da surar gp120 riƙe da CD4, amma sai 2020 Amurka ta amince da fostemsavir, maganin farko da ke kama gp120 ɗin kansa. Kunya ta sa na koma bakin aiki.

Baba mai kula da ɗakin gwaji, da kuke rainon ƙwayoyin nan har ranakun hutu, babu sunanku a bangon kundin, amma hannunku na kowane shafi. Abokan karatu, na gode. Uwargida, ki yafe min dararen da na kwana gaban kwamfuta.

Masu cewa na gano magani, don Allah ku sassauta. Sinadarai biyu ne suka rage shigar cutar a kwanon gwaji ba tare da sun kashe ƙwayoyin ba, ko kan dabba ba a kai ba. Mako mai zuwa zan sake haɗa su, ku sa mu a addu'a.