Makonni shida na farko a Samaru

Sabon ɗalibin da ya sauka a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, yakan ɗauka wahalarsa ita ce layin rajista da neman gado a ɗakin kwana. Waɗannan kwana kaɗan ne sun wuce. Abin da ke cin rai shi ne a kai tsakiyar zango, zazzaɓi ya kwantar da mutum, ya duba wayarsa ya rasa wanda zai kira ya raka shi asibitin makaranta. Maganin wannan tun makonni shida na farko ake haɗa shi, lokacin da kowa baƙo ne kuma ba a jin nauyin tambayar suna. Bayan nan kowa ya kama mutanensa, shiga tsakaninsu sai da ƙoƙari.

A fara da ɗaki. Tukunya ɗaya tana haɗa 'yan ɗaki fiye da kowace hira, kuma ita ce ta fi raba su. Dalili kuwa ba a faɗin ƙa'ida tun farko, ana jin kunya. Wani ya kawo mudu biyu na shinkafa da manja, wani bai kawo komai ba amma shi ne farkon zama gaban kwano, a yi ta haɗiye magana har ranar da za ta fashe a kan cokalin sukari. Ku zauna a makon farko ku yanke wa zai kawo me, wa zai sayi gas ko kalanzir, wa ke wanke-wanke a wace rana. Ku haɗa abincin dare kawai. Wanda ba shi da halin kawo kaya ya ɗauki girki, kuma kada a goranta masa.

Sai aji. Zauren WhatsApp na 'yan aji wurin sanarwa ne, ba a yin abota a cikinsa. Abota tana fitowa daga rukunin karatu na mutum huɗu ko biyar, da rana tsayayya sau biyu a mako, da wuri ɗaya, misali wani aji da babu kowa kusa da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. A raba darasi kowa ya zo ya yi bayanin nasa kason. Rukunin da mutum ɗaya ke koyarwa saura na kwafa ba ya kai jarrabawa, mai koyarwar gajiya yake ya janye. Ku nemi ɗan aji biyu guda ɗaya a sashenku. Su ke riƙe da tsofaffin tambayoyi, su suka san halin kowane malami.

Ƙungiyoyi suna da yawa: ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN), ƙungiyar ɗalibai Kirista (FCS) da makamantanta, ƙungiyar sashe, da ta 'yan jiha, inda ake fara jin labarin tallafin karatu. Rubuta suna a biyar ba ya sa a san ka. Ka zaɓi ɗaya ka karɓi aiki, ko shimfiɗa tabarmi ne ko zuwa duba marasa lafiya. Wanda aka gani sau uku yana ɗaukar benci an riƙe sunansa. Ƙungiyar 'yan jiha tana da daɗi don harshe ɗaya ne da abinci ɗaya, amma asara ce ɗan Katsina ya yi shekara huɗu a jami'ar da ke tara ɗalibai daga duk faɗin Nijeriya bai taɓa cin abinci da ɗan Binuwai ko ɗan Oyo ba.

Masu kwana a cikin garin Samaru, da 'yan harabar jami'ar ta Kongo masu karatun shari'a da harkokin mulki, su sa lura: wanda ke fita da zarar malami ya ajiye alli shi ne ba a sani ba. Zaman awa ɗaya bayan lacca ya wadatar.

Akwai kuma kusancin da ake gudu, wato na 'yan ƙungiyar asiri. Wanda ya cika yi maka hidima daga haɗuwa, sannan ya gayyace ka taron dare a wajen makaranta, ya ƙi faɗin sunan ƙungiyarsu, ka ce masa za ka fara tambaya a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Duk ƙungiyar halal tana da rajista a can.