Takarda daban, hannu daban: darussa daga aikin tantance likitan iyali

Duk wanda ya daɗe a kwamitin tantance likitoci ya san aikin kashi biyu ne, kuma yawancin kurakurai daga cakuɗa su suke tasowa. Na farko shi ne tabbatar da takardu: digiri, lasisi, shaidar kammala horon ƙwarewa. Na biyu izinin aiki, wato jerin abubuwan da asibiti ya amince wannan likita ya yi a cikinsa.

A wajen takardu, ba a dogara da kwafin da mai nema ya kawo. Makarantar da ta yaye shi da hukumar lasisi ake tuntuɓa kai tsaye. A bi tarihin aikinsa wata bayan wata, in an ga giɓi ya yi bayani a rubuce, don a irin wannan giɓin dakatarwa take ɓuya. A Amurka, wata doka ta shekarar 1986 ta kafa rumbun bayanan likitoci na ƙasa, wanda ya fara aiki a 1990, kuma wajibi ne asibiti ya duba shi lokacin ɗaukar likita da kuma duk bayan shekara biyu. Wannan ɓangaren wahalarsa jira ce kawai.

Rigimar tana wajen izinin aiki. Likitan iyali yana duba yaro da tsoho da mai ciki, saboda haka ake ba shi izini na gama-gari, sannan a ware manyan ayyuka, kamar tiyatar ciro jariri ko duba hanji da na'ura, a auna kowanne shi kaɗai. A nan ake neman littafin da yake rubuta ayyukan da ya yi. Sai dai adadi yana yaudara. Wanda ya rubuta tiyata hamsin, a nawa ne wuƙar take hannunsa, a nawa kuma taimakawa kawai ya yi? Yaushe ya yi ta ƙarshe? Mata nawa aka mayar ɗakin tiyata, nawa aka ƙara wa jini? Littafin da babu matsala ko ɗaya a cikinsa ya fi tayar da hankali.

Bayan an ba da izini, sai a naɗa wanda zai tsaya a kansa a ayyukan farko, ya cika fom nan take, ba bayan wata guda ba. To, wa ake naɗawa? Galibi likitan mata ko na tiyata, wanda wani lokaci marasa lafiya ɗaya suke nema da likitan iyalin. Ba sai mutum yana da mugun nufi ba kafin son kai ya shiga hukuncinsa. Maganinsa a rubuta sharuɗɗa tun kafin kowa ya nema, su hau kan kowa daidai, in hali ya yi kuma a ɗauko mai sa ido daga wani asibiti.

Akwai kuma likitan da aikinsa duk na masu zuwa su tafi ne, da wuya ya kwantar da mutum goma a shekara. Ranar sabunta izini sai a tarar fayil ɗinsa fayau, kwamiti ya ce ai ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Rashin ƙara ba shaidar iya aiki ba ce. A nemo bayanansa daga inda ya fi yin aiki, a zaro katunan marasa lafiyarsa a karanta, ko a mayar da shi ƙarƙashin sa ido na ɗan lokaci kafin a sa hannu.