Rajista, leda da kwaɗon shago

Da na gama karatun kimiyyar sinadarai aka tura ni koyon aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Kaduna, inda ake kawo kayan da aka tsinto a wuraren da aka aikata laifi. Na ɗauka da zuwana za a zaunar da ni gaban na'urori. Sai dattijon da ke kula da wurin, wanda kowa ke ce wa Malam, ya miƙo mini rajista da biro. Duk abin da ya shigo sai an rubuta wa ya ɗauko shi, daga ina, ƙarfe nawa, hannun wa da wa ya bi, kowa ya sa hannu. Layi ɗaya ya ɓace, lauya zai miƙe gaban alƙali ya ce an musanya kayan a hanya, wahalarka ta tashi a banza.

Ba abin da ke ɓata wa Malam rai kamar a kawo riga mai jini a ƙulle cikin baƙar leda, musamman da damina. Leda na riƙe laima, kafin kwana biyu fumfuna da ƙwayoyin cuta sun lalata DNA ɗin da ake nema, wato sinadarin halittar da ke nuna ko jinin wane ne. Shanya ta ake yi a inuwa, ta bushe, sannan a sa a ambulan na takarda. Kuma ba kowane jan tabo ne jini ba, ga tofin goro ga manja. Muna dangwalo shi da auduga mu ɗiga sinadarai, in ya koma ruwan hoda nan take, mai yiwuwa jini ne. Na mutum ne ko na rago, wannan sai wani gwajin.

Fitar da ta fi koya mini darasi ita ce ta wani shagon atamfa da aka fasa a Tudun Wada. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a Lyon ta Faransa a 1910, ya koyar da cewa duk wanda ya taɓa abu sai ya bar wata alama. Gaskiya ne, amma masu jaje ma suna barin tasu. Kafin mu iso, maƙwabta sun cika shagon, kowa ya ɗaga kwaɗon da aka ɓalle ya jujjuya yana “Allah ya mayar da alheri”, wani yaro har ya share ƙasa don kara. Ban ga laifinsu ba, zumunci ne, sai dai sawun takalmin ɓarawo ya bi tsintsiya.

Malam ya ce, “Yarinya, duba inda mai jaje ba zai kai hannu ba.” A cikin murfin akwatin kuɗi muka shafa baƙar hoda da buroshi, zanen yatsa ya fito, muka ɗauke shi da salatif muka manna a farin kati. Daga nan muka dangwala yatsun Alhaji mai shago da na yaransa, don a fara ware nasu kafin a zargi kowa.