Godiya Ga 'Yan'uwan Da Muka Zauna Tare Muka Tsara Gaban Ekklesiyarmu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

A madadin kwamitin da majalisar ekklesiyarmu ta naɗa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya bar gonarsa ko shagonsa ya zo zaman da muka yi a ƙarshen makon jiya. Takardar manufar ekklesiya, da ayyukan da za mu sa a gaba cikin shekaru biyar masu zuwa, ta kammala. An karanta ta bayan sujadar Lahadi, jama'a suka ɗaga hannu suka karɓa.

Godiya ta farko ga Allah ce, da ya raya mu har muka kai ga maganar shekaru biyar. Duk wanda yake ƙasar Michika a watan Satumba na 2014 ya san lokacin da lissafinmu bai wuce na yini ɗaya ba: ina za a kwana, wa ya tsira, wa ba a ji ɗuriyarsa ba. Wasu sun hau duwatsu, wasu sun tsallaka Kamaru, wasu sai Yola. A ƙarshen Oktoba hedkwatar ekklesiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi ita ma ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, shugabanninmu suka yi zaman hijira a Jos. Tun da muka dawo, gyara muke ta yi, yau rufi, gobe benci, jibi jana'iza. Ba mu taɓa zama mun tambayi juna inda muka dosa ba sai yanzu.

Baba Fasto, mun gode. Da ka so, da ka rubuta takardar nan a ofis ka kawo mana mu ce amin, kuma ba wanda zai yi maka musu. Ka ƙi. Ka tuna mana da umarnin da aka ba annabi Habakuk, cewa ya rubuta wahayin a fili yadda kowa zai iya karantawa, sannan ka ce kowace ƙungiya ta fara zama ita kaɗai kafin a haɗu: dattawa, Zumuntar Mata, matasa, mawaƙa, malaman makarantar Lahadi. Wannan ya ci lokaci, amma shi ya sa wanda ba ya iya magana a gaban manya ya sami bakin faɗin abin da ke ransa.

Godiya mafi nauyi ga iyayenmu mata na Zumunta. Rubutun farko da muka kawo, sabon ginin majami'a ne a kan gaba. Sai wata Mama cikin tsofaffinmu ta miƙe, ta yi magana da harshen Kamwe, ana juyawa zuwa Hausa. Ta ce yaran da aka kashe iyayensu maza a 2014, waɗanda aka goya a baya aka hau dutse da su, yanzu sun girma. Ta tambaye mu wa ke riƙe da sunayensu, wa ya san wanda ya gama sakandare da wanda aka kora saboda kuɗin makaranta. Ba wanda ya iya amsawa, domin ba mu da wannan rajistar. Ta ce ko a Urushalima, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a jira ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai saboda aikin. Mama, Allah ya ƙara miki lafiya. Maganarki ta juya takardar gaba ɗaya.

Dattawanmu da suka tsaya a kan gini, ku ma mun gode, kuma hujjarku ba ƙarama ba ce. An ƙone mana majami'a, abin da muke ciki yanzu na wucin gadi ne. Idan ruwa ya sauko a kan kwanon nan, wa'azi tsayawa yake yi, yara kuma a waje suke zama. Kun ce gini shaida ne cewa muna nan, ba mu tashi ba. Gaskiya ne. Duk da haka, da kuka ga inda hankalin jama'a ya karkata, kun sauko ba tare da ɓacin rai ba, har ɗaya daga cikinku ne ya kawo shawarar da aka tsaya a kai: a gyara rufi a ƙara benci bana, a riƙa buga bulo a hankali duk rani, amma baikon Lahadin farko na kowane wata a ware shi don karatun marayu, har da kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. A ganina wannan shi ne daidai. Bulo zai jira mu, shekarun karatun yaro ba sa jira.

Sauran abubuwan sun wuce da sauƙi. Za a farfaɗo da gonar ekklesiya, a noma wake da gyaɗa ta hanyar gayya, amfanin ya shiga asusun gwauraye. Matasa sun roƙi koyon sana'a, sun kuma faɗi gaskiya a kan ƙwayoyin da ke cin 'yan'uwansu, abin da mu manya muke kauce wa faɗa. Mun gode da wannan ƙarfin hali. Za a buɗe ajin karatu na manya don kowa ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, kuma za mu ɗauki nauyin ɗaya daga cikin 'ya'yanmu zuwa makarantar tauhidi ta Kulp da ke Kwarhi. Ma'aji ya yarda ya riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a duk bayan wata uku, shi da kansa ya nemi a rubuta hakan.

Batun da ya fi wuya shi ne zama da maƙwabtanmu Musulmi. Kowa ya san yadda zato ya shiga tsakaninmu bayan dawowa, har kasuwar gari ta rabu, wasu Asabar wasu Lahadi. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta salama ce tun tushenta. Stover Kulp da Albert Helser, 'yan mishan da suka kafa ta, da suka yi sujadar farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, da makaranta da aikin jinya suka fara, ba su tambayi addinin mai ciwo ba. Amma faɗin wannan a bikin cika shekara ɗari da muka yi a 2023 daban, rubuta shi a matsayin aikin da za mu yi daban. Ina gode wa ɗan'uwan da ya rasa 'yan gidansa, ya miƙe muryarsa na rawa ya ce a rubuta. Ina kuma gode wa waɗanda suka ce zuciyarsu ba ta kai nan ba tukuna. Ba su ɓoye ba, kuma saboda su ne aka ƙara cewa zaman warkar da raunin zuciya zai ci gaba a cikin ekklesiya, ba a tilasta wa kowa. Abin da muka amince mu fara da shi ƙarami ne: gaisuwar Sallah da ta rasuwa, da gyaran rijiyar unguwa tare. Maƙwabcinmu Alhaji da ya ara mana tabarmi da rumfa ba tare da an roƙe shi ba, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Mama Fasto da matan da suka kwana a bakin murhu, masu fassara, 'yan ƙungiyar matasa ta Birged da suka tsaya a ƙofa, mawaƙa, baƙonmu daga gunduma, da 'ya'yanmu na Yola da Abuja da Legas da suka aiko da gudummawar abinci da takarda suka kuma bi zaman ta WhatsApp, Ubangiji ya sāka muku da alheri.

An manna takardar a allon sanarwa, kowace ƙungiya kuma shugabanta na da kwafi. Zumuntar Mata za ta fara bin gida-gida a makon nan don rubuta sunayen marayu da ajin da kowa yake, a taimaka a karɓe su. Ranar gayyar share gona za a sanar a sujadar Lahadi mai zuwa.

Naku cikin Almasihu,
Magatakardan kwamiti