Yajin aikin da sai an kai gaɓa ake yinsa

Fiton kaya nake yi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kwantena daga jirgi zuwa tirela, tirela zuwa Kano. Saboda haka ni da yajin aiki ba ma shan inuwa ɗaya: da an rufe ƙofa kuɗin ajiya ya fara hawa kaina, Alhajin Kantin Kwari mai kayan kuma ya yi ta kira. Amma yajin ma'aikatan cikin jirgi, shi kam bakina ba ya iya zaginsa.

Malami in ya shiga yaji, gida zai koma ya kwanta. Ma'aikacin jirgi fa? Inda yake aiki nan yake kwana, wanda suke rigimar da shi kuma shi ke riƙe da makullin ɗakin abinci. A tsakiyar teku, dokar jiragen kasuwanci ta Ingila ta 1894 ta mai da ƙin bin umarnin kyaftin laifi. Dole mutum ya haɗiye fushinsa sai an kai gaɓa.

Haka 'yan Najeriya da ke aiki a jirgin fasinja MV Apapa na kamfanin Elder Dempster suka yi a watan Yunin 1959. Suka bari sai da jirgin ya tsaya a Libaful ta Ingila, sannan su fiye da saba'in suka sauka suka ce ba za su koma ba. Su ne masu hidimar tebur, da wanke-wanke, da shan zafin ɗakin inji, amma albashinsu bai kama ƙafar na Turawa ba, ga wariya da wulaƙancin manya. Ka duba fa: ƙasar mai kamfanin ce, mu kuma ko 'yanci ba mu samu ba. Maganar ta kai har gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani mai suna Salubi.

Yanzu 'yan Filifin da Indiya na fi gani suna leƙowa daga saman jirage. Akwai yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce a biya albashi aƙalla duk wata, kuma kada mutum ya cika shekara a jirgi ba a mai da shi gida ba. A takarda kenan. Na taɓa hawa wani jirgi da takardu, mai dafa abincinsu ya ja ni gefe, ya nuna mini firiza ba komai sai kabeji da ƙafafun kaji, ya ce watanni ke nan ba su ga albashi ba. Abin da ya roƙe ni shi ne layin waya, ya kira matarsa.