Geji ya ce 3,000

Tun safe muna kan gyaran jirgin saman nan, A320. Layin rawaya, ɗaya daga cikin layukan man haidurolik uku da ke motsa sassan jirgin, shi ne ke wasa da hankalinmu: a allon ɗakin matuƙa matsin man haidurolik ya hau 3,000 psi (ma'aunin matsi ke nan) yadda ya kamata, can sai ya faɗo, ya sake hawa. Oga ya ce famfon lantarki ne ya gaji, a cire shi.

Na ce, "Oga, a yi haƙuri, bari mu ɗaura geji tukuna." Wato agogon auna matsi mai allura. Lambar da ke kan allo ai labari ne kawai da na'urar auna matsi ke aikowa ta waya, tana iya yin ƙarya. Ya ɗan ɓata rai, amma ya ce in yi. Muka sauke matsin, na ɗaura gejin da aka tantance, aka kunna famfo. Allura ta tsaya cak a 3,000, ko motsi ba ta yi, allo kuwa na ta rawa. Da na zare soket ɗin na'urar sai ga tsatsa a bakin fil biyu. Famfo lafiyarsa ƙalau. Raina fes.

To amma abin da ya hana ni barci daban ne.

Famfo na aiki, sai na hango ɗan koyonmu ya ga danshi a jikin wani bututu, ya miƙa hannu zai shafa, ba safar hannu, ba tabarau. Na daka masa tsawar da ni kaina ta ba ni tsoro. Ya ja baya yana cewa, "Yallaɓai, dubawa kawai zan yi."

Dubawa! 3,000 psi kusan kilo 210 ke nan a kan ɗan wuri kamar farcen yatsa. In huda ce ƙarama kamar bakin allura, man zai keta fata ya shige nama, a waje kuma ɗan tabo kawai za a gani, har mutum ya rasa yatsa. Ga man kansa, wanda ake kira Skydrol, shunayya mai kyan gani, amma ya shiga ido sai ka yi kuka. Jirage irin su A380 da 787 ma 5,000 psi suke ɗauka.

Wata uku yaron nan yana tare da ni. Na koya masa karanta geji, na koya masa duba iskar naitorojin ta akumuleta, tulun da ke adana matsin mai. Haɗarin man nan kuwa ban taɓa faɗa masa ba, sai yau, da tsawa.

Ya tafi bai yi mini sallama ba. Gobe kafin mu taɓa sifana zan zaunar da shi.